Takun Mai Duwatsu

Garinmu ƙarami ne, kuma ban taɓa jin ɗan garin da ya musa ba. Tudu a yamma, kogi a gabas, mu a tsakani. Tituna uku ne suka bi tsawonsa, ɗaya mai kwalta, biyu na jar ƙasa, sai lunguna da suke haɗa su. Muna da kasuwa, da makaranta, da asibiti mai gado goma sha biyu, da tankin ruwa a kan tudu wanda ake hangowa daga ko'ina. Akwai kuma ofishin gari, inda na yi shekara ashirin da shida ina buga takardu, har tafireta ta tsufa aka canja ta da kwamfuta, ni na tsufa aka bar ni a wurin. A ƙidayar da aka yi kafin abin da zan ba da labari, mu dubu huɗu da ɗari bakwai ne da 'yan kai.

Asalin wurin mashigi ne. Masu kaya da masu dabbobi sukan iso bakin kogin da damina su tarar ya cika, sai su sauke su jira ya janye. Mai jira kuwa yunwa na kama shi, shi ya sa wata mai sayar da abinci ta riga kowa kafa rumfa. Maƙeri ya biyo ta, mai kwalekwale ya biyo maƙeri. Daga baya aka gina rumfar awon auduga, manyan motoci suka riƙa shigowa, har manya suna cewa an kai dubu takwas a lokacin. Sai aka yi gada can sama da mu, tafiyar awa biyu. Hanya ta koma gada, mutane suka bi hanya. Mu da muka rage, wasu son garin ne ya riƙe su, wasu nauyin jiki, kuma ba a cika tambayar juna ba.

Mutumin da nake son ba da labarinsa, Mai Duwatsu ake ce masa. Yana da sunan da iyayensa suka sa masa, yana nan a takardun ofis, amma ko matarsa in tana cigiyarsa a kasuwa, cewa take yi ko an ga Mai Duwatsu.

Ga yadda ya samu sunan. Shekarar da aka ba garin ofishin kansa, masu awo suka zo suka zagaye shi, suka kafa duwatsun siminti goma sha huɗu don nuna iyaka. Kowanne tsayinsa ya kai gwiwa, da lamba a jiki. Tara suna bayan tudu da gefen gonaki, biyar kuma, daga na goma zuwa na sha huɗu, suna bin gaɓar kogi. Shi a lokacin yana da shekara ashirin da huɗu, kuma shi ya riƙa ja musu sarƙar awo. Da suka gama suka ajiye taswira a ofis, aka ce ana neman wanda zai riƙa duba duwatsun. Babu wanda ya san inda suke duka sai shi. Babban mai awon, ƙafarsa ɗaya a cikin mota, ya ce masa, "Kada ka bari ko ɗaya ya ɓace." Ya rufe ƙofa, motar ta tashi, ba a sake ganinsa ba. Wannan magana guda ita ce duk horon aikin da Mai Duwatsu ya samu, kuma a kanta ya yi shekara arba'in da ɗaya.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Sau ɗaya a wata yakan hau kekensa da gwangwanin fenti a rataye, da lauje da fartanya a ɗaure a baya, ya zagaye garin, daga na ɗaya zuwa na sha huɗu. Ya nome ciyawa, ya kankare gara, ya goge kashin tsuntsu, ya sake ɗora lamba da baƙin fenti a kan fari. Ya sha faɗa da manoman da ke ɗaure akuya a jikin dutse, da matan da ke bugun wanki a kai. Ba mai yawan magana ba ne, faɗan nasa tsayuwa ce: zai tsaya a kanka shiru har ka kwance akuyarka don kanka. Ƙarshen shekara ya zo ofis da wankakkiyar riga, ya tsaya gaban teburina, ya faɗa mini rahotonsa in buga. Layi ɗaya ne, bai taɓa canjawa ba: duwatsu goma sha huɗu, duk suna nan. Nakan tsokane shi in ce, "Yaya, ba za ka ƙara ko gaisuwa ba?" Yakan ce gwamnati ba gaisuwa ta tambaye shi ba, ya karɓi kwafinsa ya tafi.

Gidansa ɗaki biyu ne da baranda a bayan kasuwa. Gwangwanayen fenti a jere ƙarƙashin gado, burusai a cikin kofin da hannunsa ya karye, akwatin ƙarfe mai kwaɗo a kusurwa. Matarsa mace ce mai kaifin baki. Takan ce 'ya'yansa goma sha takwas ne, huɗu nata, sha huɗu na gwamnati, kuma kowa ya san waɗanda ake yi wa wanka a kan lokaci. Shi ko a jikinsa. Mazan uku suka girma suka bi hanya kamar sauran samarin garin, sai dai a ji muryarsu a waya. Matar ta rasu shekara tara kafin sabuwar ƙidayar da zan zo kanta. Wadda ta rage masa a garin ita ce Auta, 'yarsa mace guda, wadda ta auri tela suka zauna a unguwar bakin ruwa. Ita ke aiko masa da abinci, ita ke ɗaukar wankinsa, ita kaɗai ce kuma za ta ce masa ya aske gashin nan ya aske.

Wanda bai zauna da kogi ba, ba zai yarda cewa yana tafiya ta gefe ba, amma namu yana yi. A daidai garin ya yi kwana, kuma kowace damina ruwan yana dukan gaɓarmu, ya ɗebi ƙasa, ya kai ta wancan gefe ya zube. Wata shekara taku biyar, wata shekara talatin. Ya fara da lambuna, ya ci rumfar auduga, ya ci tsohon ofis da rabin takardunsa, har da taswirar nan. Abin da muka rasa a nan sai ya tsiro a can, baƙar ƙasa mai kyau.

A shekararsa ta uku da kama aiki, Mai Duwatsu ya je duba na goma sha huɗu ya tarar saura taku biyu gaɓa ta iso gindinsa. Bai yi dogon tunani ba. An ce kada ko ɗaya ya ɓace, ga ɗaya yana shirin faɗawa ruwa. Ya juya ya fuskanci tankin da ke kan tudu, ya taka goma sha biyar, ya haƙa rami, ya aro baro, ya kawo dutsen ya dasa. Ya rubuta a wani littafi: lamba kaza, rana kaza, taku goma sha biyar zuwa tanki. Daga nan abin ya zama aikinsa na kowace damina. Duk dutsen da ruwa ya matso, sai ya matsar da shi ya rubuta.

Ba a ɓoye ya yi ba, wannan nake so a gane. Gari duka ya gani. Mutane suna kama masa, ana ciccibar dutsen ana yi masa sannu da ƙoƙari. Shugabannin gari uku sun ba shi takardar yabo, biyu ni na buga su. A wurinmu dutsen shi ne kayan gwamnati, mai lamba, mai fenti, kuma mutumin kirki ba ya zuba ido ruwa ya tafi da kayan gwamnati. Cewa wurin da dutsen yake tsaye shi ne abin tsarewa, wannan bai faɗo wa ko mutum ɗaya a rai ba. Muna da malamin labarin ƙasa a makaranta, kuma baronsa aka fi arowa.

Waɗanda ruwa ya cinye wa gidaje ba su yi nisa ba. Sun ƙetare suka gina a sabuwar ƙasar, suna cewa ai ƙasarsu ce ta yi gaba suka bi ta. Tsallake muke ce wa wurin. Da rani kogin rairayi ne da ɗan ruwa iya idon sawu, a ƙafa ake ƙetarewa, da damina kuma a kwalekwale. Kasuwarmu suke ci, yaransu suna makarantarmu, matansu a asibitinmu suke haihuwa. Shekarar da ruwa ya zo kan unguwar bakin ruwa, gidan Auta na cikin waɗanda suka tafi. Uban ne ya zaɓa musu fili a Tsallake. Ya yi yini biyu yana yawo yana duba ƙasa, sannan ya kai su can ƙarshe, bayan kowa, inda gonaki suka fara. Telan ya yi ta ƙorafi cewa masu kawo ɗinki ba za su iso can ba. Mai Duwatsu ya ce shi ya san kogin nan, kuma ba ya son ya sake ganin 'yarsa da katifa a ka. A nan suka gina.

Sai umarnin sabuwar ƙidaya ya zo. Wannan karon ba ƙirga kai kawai ba ne. An ce kowane gida za a rubuta shi a gundumar da yake tsaye a cikinta, yara su bi gidan iyayensu, kuma katin asibiti da gurbin makaranta su bi rubutun. Ƙasar da ke bayan iyakarmu ta gabas kuwa ta wata gunduma ce, wadda makarantarta da asibitinta suke tafiyar rabin yini a mota, a hanyar da damina ke rufewa. Mutanen Tsallake ɗari shida da goma ne. Uku daga ciki jikokin Mai Duwatsu ne, duk suna makarantarmu.

Aka aiko mai awo ta tabbatar da iyaka kafin masu ƙidaya su fara. Matashiya ce, ba ta fi talatin ba, da hular rana da na'ura mai ƙafa uku. Mai Duwatsu ya zagaya da ita kwana biyu yana nuna mata duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta yaba fentin. A rana ta uku aka zauna a ofis: shugaban gari, da wakilin waccan gundumar, da ita, da shi, ni kuma a gefe da kwamfuta. Ta ce bisa duwatsun, garin ya ƙare a wannan gaɓar, Tsallake duka ta waccan gundumar ce. Shugaba ya ce sam, mutanensa ne, wasu ma da ƙuri'arsu ya hau kujera. Ta ce ba ita ta kafa duwatsun ba. Tana cikin tattara takardunta sai ta juya ta tambayi tsohon wani abu da ya tsaya mata a rai, ba da wata manufa ba.

"Baba, gaɓar nan ruwa na cin ta sosai. Yaya aka yi duwatsu biyar suka shekara arba'in a bakinta, ko ɗaya bai faɗa ba?"

Ya gyara zama. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake irin na ranar ba. Ashe duk shekarun nan jira yake wanda ya san aikin ya tambaye shi.

"Ai ni nake matsar da su, 'yata," ya ce. "Duk shekara."

Ta ajiye biro. Ta tambaye shi ina yake matsar da su, ya ce ciki, wajen tanki. Ta tambaya tun yaushe, ya faɗa mata. Sai ta jawo takarda ta zana masa layi biyu da ɗigo-ɗigo, na farko tsohuwar iyaka, na biyu inda duwatsun suke yanzu, ta yi masa bayani a hankali, ba tsawa ba raini. Ta ce dutsen alama ce kawai ta inda iyaka take. Da ya bar su sun faɗa ruwa, da an aiko an sake aunawa tun taswirar tana nan. Yanzu babu taswira, duwatsun ne kaɗai shaida, su kuma sun ce garin ya tsuke. Wakilin waccan gundumar ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ni na daina bugawa, don kunya ta kama ni: sau ashirin da shida na buga layin nan nasa, ban taɓa tambayarsa komai ba sai gaisuwa.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ɗora yatsa a bayan layi na biyu ya ce, "Gidan Auta a nan yake ke nan." Ta ce ba ta san Auta ba. Shugaba ya ce 'yarsa ce.

Bai kare kansa ba, bai kuma ce an taya shi ɗagawa ba, alhali shugaban da ke zaune gabansa ya taɓa kama masa dutse da hannunsa. Ya tashi ya fita. Ba a yi awa ɗaya ba ya dawo da akwatin ƙarfen a bayan keke. Littattafai shida ne a ciki, kowace matsarwa da ranarta da lambarta da yawan takunta. Mai awon ta yi ta buɗawa tana girgiza kai, ta ce ba ta taɓa ganin kuskuren da aka yi wa rubutu mai tsafta haka ba. Ta haɗa lissafin kowane dutse. Na goma ya yi tafiyar taku ɗari da arba'in, abin ya yi ta hawa har zuwa na sha huɗu, wanda ke daidai kwanar kogin, shi ya yi ɗari shida da goma sha uku. In mutum ya ba tanki baya ya mayar da takun nan, zai isa inda aka kafa dutsen tun farko.

Matsalar ita ce taku ba ma'auni ba ne. Ta yi waya babban ofishinsu, aka ce in ɓangarorin biyu sun yarda da hanya ɗaya su sa hannu, a bi ta, in ba su yarda ba duwatsun su tsaya inda suke. Shugaba ya ce direban ofis ya taka, wani mutum da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Wakilin ba yaro ba ne. Ya ce littafin ya ce taku, to takun wa? Mai takun yana raye, ga shi zaune, shi zai taka. Mai awon ta kawo shawarar a ɗauki matsakaicin takun namiji a buga lissafi, wakilin ya ce shi bai san wani matsakaicin namiji ba, wannan ya sani. Masu ƙidaya saura mako guda su iso. Aka juya ga Mai Duwatsu, ya ce takun nasa ne, zai taka. Na buga yarjejeniyar, suka sa hannu: inda ƙafarsa ta tsaya, nan iyaka.

Da aka tashi na leƙa ta taga na gan shi yana sauka daga matattakalar ofis, ɗaya-ɗaya, hannu a bango. Shekara arba'in na ciccibar siminti sun cinye masa gwiwa. Lokacin da na fara aiki, kwatar da ke gaban ofis tsallake ta yake yi ko kallo babu, yanzu sai ya zagaya ta kan katako. Kullum ina ganinsa ban lura ba. Wakilin ya gan shi yini ɗaya ya lura.

Makon nan garin ya koma kan ƙafafun Mai Duwatsu. Mata suka yi ta aiko da man zafi, nas ta zo har gida ta naɗe masa gwiwa, malamin wasanni ya zo zai koya masa miƙa jijiya. Ya karɓi man ya yi godiya, ya sallami malamin. Telan kuwa a kasuwa ya baje tasa maganar. Ya ce in gidansa ya faɗa waje, shi ba zai zauna a bakin gona da yara uku ba makaranta ba, zai kwashe iyalinsa su tafi babban birni wurin wansa. Kowa ya san ya daɗe yana neman dalilin tafiya, kuma kowa ya san wannan karon dalilin mai ƙarfi ne. Maganar ta isa kunnen tsohon tun kafin azahar.

Auta ta ƙetaro ta same shi a baranda. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ba ta ga laifinsa ba, ko ta gani ba ta faɗa ba. Abu ɗaya ta roƙe shi: tunda kwana uku za a yi ana takawa, ya fara da na sha huɗu, mai nisan, wanda ya nufi gidanta, tun ƙafarsa da sauran ƙarfi. Ya ce lamba bi da bi take, haka yake zagayensa tun yana saurayi. In ya fara da na ƙofar 'yarsa, masu sauran gidajen me za su ce? Ta ce to, ta ɗauki wankinsa ta tafi. Na ji haushinsa da na ji wannan, kuma har yau ina ji.

Ƙarshen rani ne, kogin ya bushe. Mai awon ta kafa na'urarta ta saita layi daga tanki, aka ja igiya don kada ya karkace. Shi yana takawa yana ƙirgawa da ƙarfi, wakilin na gefensa yana bin lissafin, jama'a a baya. Ranar farko aka yi na goma da na sha ɗaya, duka suka ƙare a tsakiyar rairayi, babu gidan da abin ya shafa. Rana ta biyu na sha biyu da na sha uku suka haye cikin Tsallake, layin ya kwaso fiye da rabin gidajen. Mutane suna ta rungumar juna, wata tsohuwa ta sa aka fito mata da kujera ta zauna a cikin gari, in ji ta, ta ji yadda ake ji. Da yamma sai a bayan babur aka mayar da shi gida.

Rana ta uku da hantsi ya tsaya a gindin na sha huɗu, ya ba tanki baya. Rufe shaguna aka yi, har ni na kulle ofis na bi. Ya gangara gaɓar a hankali, ya shiga rairayi. Takun da ya rubuta a littafi a kan ƙasa mai tauri ya yi su, rairayi kuwa in ka taka sai ya mayar da kai baya kaɗan, amma yarjejeniyar ba ta yi maganar rairayi ba. Ya yi ɗari uku da wani abu kafin ya haye. Ya shiga lungun da ya ratsa Tsallake, masu gidajen suna tsaye a ƙofofinsu. Duk ƙofar da ya wuce sai ka ji an sauke ajiyar zuciya, masu gidan su shigo cikin masu bin baya.

A ɗari biyar ya fara jan ƙafar hagu. Mai awon ta tambaye shi ko zai huta, sai ya huta a tsaye, bai ɗaga ƙafa ba, wakilin ya ja layi a ƙasa da sandarsa. A ɗari biyar da tamanin gidaje duka sun koma bayansa, saura guda, can gaba, da keken ɗinki a baranda da Auta a bakin ƙofa. Tazarar a fili take, kowa ya iya auna ta da ido. Hayaniyar ta mutu. Shugaba ya matso yana cewa ƙasa-ƙasa, "Buɗe ƙafa, Baba, buɗe ƙafa."

Ya buɗe, wannan zan shaide shi. Takunsa ashirin na ƙarshe ya miƙa su iya abin da gwiwar ta ba shi, fuskarsa a murtuke, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na lura a daidai lokacin mai awon ta sami wani abu da ya lalace a jikin na'urarta, ta sunkuya tana dubawa. Wakilin ma, don a faɗi gaskiyarsa, ya juya yana kallon gonaki, bakinsa ya daina motsi. Gida ɗaya ba zai ƙara masa komai ba, kuma shi ma yana da 'ya'ya. Babu mai bin lissafin nan sai mai yin sa. Da ya maimaita lambobi goma a ƙirgen, ko ya yi shiru ya ci gaba da tafiya, da babu wanda zai ɗaga kai. Amma ya ci gaba da ƙirgawa da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji, lamba ɗaya taku ɗaya, har ya ce ɗari shida da goma sha uku, ya haɗe ƙafafunsa.

Mai awon ta taho da fegin ƙarfe da guduma, tana jan jiki. Ta tsaya kusa da shi ta ce, "Baba, ka tabbata ba ka tsallake wata lamba ba? Rana ta yi zafi, kowa na iya ruɗewa. In kana shakka sai mu duba."

"Ban tsallake ba, 'yata," ya ce. "Buga."

Ta buga. Gidan ya zauna a waje, da mutum biyar a cikinsa. Kafin damina ta sauka telan ya kwashe su suka tafi, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya san haka za a yi tun kafin gudumar ta yi shiru. Mutanen da aka shigo da su ba su san yadda za su yi da murnarsu ba, suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

Shi bai motsa daga inda yake ba. Auta ta shiga ciki, ta fito da kujerar roba a hannu ɗaya da kofin ruwa a ɗayan, ta tako har inda yake. Ta ajiye kujerar a bayansa ta miƙa masa kofin. Ya karɓa bai sha ba.

"Da ƙafata ta da ce," ya ce, "da na wuce har bayan ɗakin girkinki."

"Na sani, Baba."

"Nawa ya rage?"

Ba ta waiga ta dubi ƙofar ba. Na ga bakinta yana motsi lokacin da take tahowa.

"Tara," ta ce. "Zauna ka huta."